Kiɗan Dandali a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram: Waiwaye da Tunatarwa

Gabatarwa

A hutun Babbar Sallar da ta wuce, wani ɗanmu da ke aiki a Abuja ya zo gaishe mu. Cikin hira ya ba mu labarin wani ɗan ƙaramin wuri da yakan je a ƙarshen mako domin sauraron kiɗa. Ya ce wurin bai fi zauren mai unguwa girma ba, makaɗan kuma ba su wuce huɗu ko biyar ba, suna yin kaɗe-kaɗen baƙaƙen fatar Amurka da na Jamaika, wato buluz da rege. Abin da ya fi burge shi, in ji shi, shi ne mutum yana zaune yana kallon yatsun makaɗi a kan tsirkiya, ba wata na'ura ce ke yi masa kiɗan ba. Da ya gama sai muka tambaye shi ko ya taɓa ganin an goga kukuma a gabansa. Ya yi shiru, sannan ya ce sai dai a talabijin.

Wannan amsa ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Yaron nan jikan manoma ne waɗanda ba su taɓa fita gayya ba tare da ganga ba, ga shi sai ya je birni ya biya kuɗi kafin ya ga makaɗi ido da ido. Laifin ba nasa ba ne, namu ne mu da muka gani ba mu faɗa ba. Saboda haka muka ga ya dace mu rubuta wa 'yan uwa mazauna Kano, Kaduna, Abuja, Legas da sauran birane abin da muka sani game da kiɗa da wuraren yin sa a wannan ƙasa tamu, yadda ya bunƙasa, da dalilan da suka sa ya ja baya.

Duwatsu Masu Amo

Tarihin kiɗa a Birnin Kudu ya girmi kowane makaɗi da za mu iya ambata, domin a jikin duwatsu ya fara. A kewayen gari akwai Dutsen Habude, Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, inda mutanen da suka riga mu suka bar zanen shanu a jikin duwatsu. Kusa da zanen akwai wasu duwatsu waɗanda idan aka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sukan ba da amo kamar na ƙarfe, kowane gefe da irin muryarsa. Mai lura zai ga 'yan ramuka masu santsi a jikinsu, alamar hannuwa masu yawa sun daɗe suna bugun wuri ɗaya.

A shekarar 1955 wani Baturen Ingila masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya zo Birnin Kudu ya nazarci waɗannan duwatsu. A 1956 ya wallafa bayaninsu, daga nan masana suka shiga neman irinsu a wasu sassan Nijeriya da Afirka, suka kuma samu. Ke nan duk inda ake karantar da tarihin duwatsun kiɗa a duniya, sunan garinmu yana cikin na farko da ake kira. Abin kunya ne a ce ɗalibi a Landan ya san wannan, ɗan Birnin Kudu da ke Kano bai sani ba.

Kowace Sana'a da Kiɗanta

Matasanmu na yau sun ɗauki kiɗa a matsayin abin nishaɗi kawai. Lokacin da muka tashi, a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, kiɗa wani ɓangare ne na aiki, kuma kowane rukunin jama'a yana da nasa. Manoma suna da gangar noma. Idan an kira gayya, makaɗi yakan bi bayan samari daga kunya zuwa kunya yana kiran sunan kowa da na ubansa, har wanda ƙarfinsa ya ƙare ya ji kunyar miƙewa. Mahauta suna da kalangu, kuma a jajibirin kasuwa daga jin sautinsa kowa ya san gobe akwai nama. Maƙera suna da dundufa. Maharba da 'yan tauri suna da nasu take, 'yan dambe da 'yan kokawa haka nan. A cikin gida mata suna da kiɗan ƙwarya da shantu ranar biki ko suna, 'yan mata suna da gaɗa, wadda tafi da murya kaɗai take bukata. Fulanin da ke kewaye da mu suna da sarewa a wajen kiwo da kiɗan sharo bayan kaka. A ƙofar hakimi kuwa, zamanin da ƙasashen nan suke ƙarƙashin masarautar Kano, ganga da algaita ne ke sanar da fitowarsa ranar salla.

Kayan kiɗan kansu daga gona da daji aka samo su. Kalangu ice ne da aka fafe, mai siririn tsakiya, aka rufe bakinsa biyu da fata aka haɗa su da tsirkiyoyi. Idan makaɗi ya matse shi a hamata murya ta hau, idan ya saki ta sauka. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, gwanin kalangu yana iya kiran sunan mutum da kirarinsa ba tare da ya buɗe baki ba, mai sunan kuma ya gane daga nesa. Goge da ƙanwarsa kukuma ƙoƙo ne da aka rufe da fatar guza, tsirkiyarsu izgar doki ce, ana shafa mata ƙaro domin ta yi kuka. Gurmi da garaya kuwa kaɗa tsirkiyarsu ake yi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake bukatar lantarki ko kuɗin waje. Makaɗi shi ne masassaƙin kayansa, kuma galibi a wurin ubansa ya koya, domin kiɗa sana'ar gado ce kamar ƙira da jima.

Dandali

Wurin da duk waɗannan suke haɗuwa shi ne dandali. Kowace unguwa tana da nata, kuma ba wani gini ba ne, fili ne kawai a gindin wata bishiya ko a mahaɗar hanyoyi. Lokacinsa shi ne bayan an kai amfanin gona gida, musamman daren farin wata. Bayan sallar lisha 'yan mata masu talla sukan jera farantansu kusa da acibalbal, samari su zo cikin wankakkun riguna, makaɗi da 'yan amshinsa su zauna a tsakiya. Sarkin samari shi ke kula da tsari, kuma duk wanda ya nemi tayar da fitina, kafin gari ya waye maganar ta isa kunnen ubansa. Dattawa ba su shiga fili, amma suna zaune a ƙofar gida ba nisa, kunnensu na wurin.

Abin da ya bambanta wannan kiɗa da na rediyo shi ne makaɗi ya san kowa, kowa ya san shi. Idan ya hango mutum ya shigo, nan take zai saka shi cikin waƙa, ya ambaci kakansa, da gonar da suka gada, da shekarar da ya fi kowa dami. Wanda aka yi wa haka yakan fito ya ba da sisi ko sule, sanƙira ya ɗaga ya shelanta wa jama'a. Wani kuma alkawarin dami yake yi, makaɗi ya bi gida ya karɓa. Rowa da lalaci da cin amana su ma ba su tsira ba, domin habaici ɗaya a dandali ya fi bulala goma zafi. Don haka mutane suna tsoron bakin makaɗi kamar yadda suke son yabonsa.

Baya ga dandali akwai filin kasuwa. A manyan kasuwanni irin ta Sara da ta Babaldu, idan ciniki ya lafa da la'asar, wasa yakan tashi a gefe, a yi dambe ko kokawa, baƙin makaɗa daga ƙasar Bauchi da ta Kano su gwada basirarsu. Hanyar motar da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil ta ratsa ƙasarmu ta sa makaɗa masu yawon kiɗa suna yada zango a nan, su kwana biyu ko uku a gidan wani mai hali, su yi wasa a ƙofar gidansa, su wuce. Ta haka salon wata ƙasa yake shiga wata.

Mu da muka yi koyarwa mun amfana da wannan ilimi ba tare da mun lura ba. Sa'ad da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, aka tura da yawanmu ƙauyuka muna samari. Babu littafin da ya ƙunshi tarihin waɗannan ƙauyuka. Idan muna son sanin wanda ya sari gari, ko jerin dagatan da aka yi, ko shekarar da aka yi wata yunwa, wurin mutum biyu ake tura mu, liman da makaɗi. Sau da yawa makaɗin ya fi riƙe sunaye, domin da su yake cin abinci.

Zamanin Rediyo da Kaset

Garmaho ne ya fara kawo muryar makaɗin nesa cikin garuruwanmu, amma masu shi kaɗan ne. Rediyo ce ta game ko'ina, musamman bayan buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962 da yaɗuwar ƙananan akwatuna masu aiki da batir. Ta nan muka san Alhaji Mamman Shata da kalangunsa, Alhaji Musa Ɗanƙwairo da kotsonsa, Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, Garba Supa da Ahmadu Doka da kukumarsu, Ɗan'anace mawaƙin 'yan dambe, Barmani Coge da ƙwaryarta, da kuma Haruna Uji na Haɗeja, wanda ya ɗaga darajar gurmi. Ya kamata a tuna cewa waɗannan mashahurai ba a ɗakin ɗaukar murya suka koyi sana'arsu ba. A dandali da kasuwa da gidan biki suka gwanance, a gaban jama'ar da ba ta jin nauyin tashi ta bar makaɗi idan bai iya ba.

Da farko rediyo ta taimaki makaɗan ƙauye, domin ta ƙara wa sana'ar kwarjini. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, abin da kakanninmu ba su taɓa zaton za a yi wa makaɗi ba. Amma da kaset ya yi arha a shekarun 1980, sai lissafi ya canza. Mai biki ya ga da kuɗi kaɗan zai sa muryar Shata a ƙofar gidansa, ba sai ya ciyar da makaɗi da yaransa kwana biyu ba. A wannan zamani ne kuma kaset ɗin Bob Marley da na waƙoƙin Indiya suka cika shagunan tasha, kuma a 1988 Majek Fashek ya nuna cewa ɗan Nijeriya ma yana iya yin rege ya karɓu. Samarinmu da ke makarantun kwana suka dawo hutu da sabon kunne.

Dalilan Ja Baya

Ba dalili ɗaya ne ya kashe dandali ba, kuma adalci shi ne a faɗe su duka. Na farko shi ne sauyin aiki. Gayya ta ragu da aka koma noman ƙwadago da garmar shanu da maganin feshi, kuma inda babu gayya babu gangar noma. Fari na 1973 da wanda ya biyo baya a farkon shekarun 1980 sun ƙara tura samari cin rani, dandali ya rasa masu raya shi a daidai lokacin da ya saba cika.

Na biyu shi ne mu kanmu 'yan boko. Mun koya wa yara cewa kiɗa roƙo ne, roƙo kuma ƙasƙanci ne. Ɗan makaɗi da ya shiga aji yakan ɓoye sana'ar gidansu don kada a yi masa dariya, kuma ba mu tuna ranar da muka kira ubansa makaranta domin ya nuna wa yara yadda ake haɗa kalangu ba.

Na uku shi ne wa'azi. Malamai sun yi suka a kan cakuɗuwar maza da mata, da shaye-shaye, da bori, da ɓarnar dukiya da ke biyo bayan wasu wasanni, kuma duk mai gaskiya ya san akwai wuraren da sukar ta dace. Bayan ƙaddamar da shari'a a jihohin Arewa, har da tamu a 2000, makaɗa da dama sun rataye kayansu. Sai dai a wajen zubar da dauɗa an haɗa da abin da ba dauɗa ba. Gangar da ke zuga manomi ya ciyar da iyalinsa ba ɗaya take da kiɗan mashaya ba.

Na huɗu shi ne fim da fiyano. Daga fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, sana'ar fim ɗin Hausa ta bunƙasa, ta zo da waƙar da mutum ɗaya ke haɗa kiɗanta da na'ura. Yau a bikin ƙauye ma sai ka tarar da yaro ɗaya da janareta da manyan lasifikoki, waƙar da ake ji a Basirka ita ake ji a Legas. Ba mu ce waƙar zamani ba ta da gwanaye ba, akwai su. Amma ba ta san sunan kakan ango ba.

Darasi Daga Buluz da Rege

Mu koma ga kiɗan da ɗanmu yake zuwa saurare a Abuja. Buluz ya tashi ne a kudancin Amurka, musamman yankin Misisifi, a tsakanin jikokin bayi masu aikin gonar auduga. A 'yan ƙananan ɗakunan katako na bakin gona suke yin sa daren Asabar, kuma manyan gari, har da wasu shugabannin addininsu, suna ƙyamar sa. Rege ya fito daga unguwannin talakawa na Kingiston a Jamaika a ƙarshen shekarun 1960. Dukansu kiɗan ƙaramin wuri ne, kamar namu.

Dangantakar ma ta wuce kamanni. Masana irin su Paul Oliver a 1970 da Gerhard Kubik a 1999 sun nuna cewa da yawa daga siffofin buluz, kamar jan murya da waƙar mutum ɗaya da abin kiɗa mai tsirkiya, sun fi kama da na yankinmu na Afirka ta Yamma mai nisa da teku, ƙasar goge da garaya da molo. Marigayi Ali Farka Ture na ƙasar Mali, wanda ya fara da abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya kafin ya kama jita, ya sami lambar yabo ta Grammy a 1995 da kiɗan da Turawa suka kira buluz, shi kuwa yana cewa na gidansu ne. Bai yar da garinsu Niyafunke ba. Ya zauna a can yana noma, aka zaɓe shi magajin gari a 2004, ya kashe dukiyarsa wajen gyaran garin har ya rasu a 2006.

Abin da ya ceci buluz daga ɓacewa shi ne wasu sun ɗauke shi da muhimmanci tun masu shi suna raye. A 1941 wani mai bincike, Alan Lomax, ya ɗauki na'urar ɗaukar murya ya shiga gonakin Misisifi, ya naɗi muryar wani matashin lebura da duniya ta sani daga baya da suna Muddy Waters. Waɗannan faifai suna ajiye har yau a babban ɗakin karatu na majalisar Amurka. A ƙasar Hausa ma an yi irin wannan ƙoƙari. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kiɗan Hausa a 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan makaɗa da mawaƙa. Amma hankalin masana ya fi karkata ga manyan makaɗan Sakkwato, Zamfara, Katsina da Kano. Makaɗin ƙauyen Birnin Kudu da na Gwaram babu mai rubuta shi idan ba mu ba.

Mun san zafin wannan da kanmu. Akwai wani tsoho makaɗin noma a wani ƙauye ta wajen Gwaram, wanda ya riƙe taken gidaje masu yawa da sunayen kakanninsu. Shekara uku muna cewa za mu je da rakoda mu zauna da shi. Ranar da muka shirya muka je, sai muka tarar an yi sadakar bakwai ɗinsa. Gangarsa na rataye a zaure, fatar ta tsage, 'ya'yansa kuma duk suna birni, babu wanda ya koya. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Ba muna kira a mayar da zamanin acibalbal ba ne, wannan ya wuce. Shawarwarinmu ga ƙungiya guda huɗu ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu. Na farko, a sa matasa biyu a kowace gunduma su rubuta sunayen tsofaffin makaɗa da mawaƙan da suka rage, maza da mata, su ɗauki muryarsu da hotonsu. Wayar da ke aljihun kowannenmu ta fi na'urar Lomax inganci nesa ba kusa ba. A tambaye su tarihin sana'arsu da ma'anar kowane take, a biya su haƙƙinsu, a ajiye kwafi a hannun ƙungiya, a kai wani jami'a.

Na biyu, a keɓe yammaci ɗaya cikin hutun salla, lokacin da mazauna birane suke gida, a yi ɗan zaman kiɗa a fili daga la'asar zuwa magariba, da sanin hakimai da shawarar malamai, maza a gefe mata a gefe, yara a gaba. Ba a bukatar babban dandamali, tabarma da inuwa sun isa. Na uku, duk ɗan ƙungiyar da zai aurar da ɗa ko 'ya a gida, ya ware wa makaɗin garinsu wani abu daga kuɗin da zai ba mai lasifika, domin sana'ar da ba ta ciyar da mai ita, ɗansa ba zai gada ba. Na huɗu, shugabannin makarantun firamare da na sakandare su riƙa kai ɗalibai duwatsun nan, su ga zanen, su ji amon da kunnensu.

Kammalawa

Ƙungiyarmu ta saba tattauna batun rijiyoyi da azuzuwa da magunguna, kuma haka ya kamata. Amma rijiyar da ba a haƙa bana ba ana iya haƙa ta baɗi, tsohon da ya rasu da iliminsa kuwa ba ya dawowa. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015, su an naɗi muryoyinsu. Namu na ƙauye suna tafiya ɗaya bayan ɗaya babu wanda ya naɗa. Muna roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan batu cikin ajandar babban taro mai zuwa, muna kuma roƙon duk wanda ya san wani tsohon makaɗi a garinsu ya miƙa sunansa ga sakatare kafin lokacin. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya albarkaci zuriyarmu, ya ƙara wa ƙasar Birnin Kudu da Gwaram zaman lafiya da arziki, amin.